Kaset ɗin Baba

"Kin jefar?" Tsohon ya miƙe har sandarsa ta faɗi. "Kaset ɗina kika kai bola?"

"Baba, ya fa lalace," in ji 'yarsa, malamar makaranta a Bekaji, tana miƙa masa waya. "Ga waƙar na sauko maka da ita tsaf. Har ma'anarta na duba. Baturen da ke waƙar cewa yake yara na girma, zamani na juyawa, mutum ya koyi haƙuri da abin da ya wuce."

"Sannu, farfesa! Shekara talatin da biyar ina naɗe zaren nan da biro, yau ke za ki fassara min?"

Turancinsa bai wuce na cinikin taya a Jimeta ba, amma babu bugun jita ɗaya da bai haddace ba.

"Ai naka daidai tsakiya ya mutu, Baba. Wata mata ce ta danna rikodin, ta yi surutu a kai."

Ya sunkuya ya ɗauki sandarsa. 'Yar tana wata bakwai ya binne uwarta, ba hoto ko ɗaya, sai muryarta da ke kan kaset ɗin, kuma taurin kai bai taɓa barinsa ya ce mata zauna ki saurara ba.

Ta kunna wayar. Jita ta tashi fes. Da aka zo wurin, Baturen ya wuce da waƙarsa, babu wadda ta katse shi da dariya. Sai tsohon ya faɗa da bakinsa, yana duban 'yarsa:

"Rage rediyon nan mana, za ka tayar min da jaririya."