Hannun da Ya Saba da Babban Kibod

Dakata tukuna, Malam. Kafin ka yanke shawara, ji abin da ya sami wani bawan Allah a Zariya.

Magidanci ne, sana'arsa buga wa ɗalibai rubutunsu da kwamfuta a wani ɗan shago da ke bakin titi. Ya daɗe yana aikin nan a kan kibod guda, irin babban nan mai ƙwas-ƙwas, wanda kowane madanni ke da nasa sifirin a ƙarƙashi mai turo shi sama, ga kuma ɓangaren lambobi a hannun dama. Haruffan jikinsa duk sun goge, amma ko a jikinsa, domin yatsunsa sun san gidan kowane. Yana hira da mutane, idonsa na kan titi, hannu na ta aiki. Kwatsam sai aka zo faɗaɗa hanya, aka shafa wa bangon shagon jan fenti, alamar za a rushe shi. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Idan ya dubi iyalinsa sai ya ji gabansa ya faɗi, don bai iya wata sana'a ba, ga furfura ta fara leƙowa. Ana cikin haka ya ji labarin wani kamfani a Kaduna yana neman masu shigar da alkaluma cikin kwamfuta. Za a yi gwajin sauri, kuma an yarda kowa ya zo da kibod ɗinsa. To, nasa kibod ɗin, wayar da ke haɗa shi da kwamfuta ta fara ba da matsala, yanzu ya yi aiki, an jima ya ɗauke. Kullum sai ya ce gobe zai shiga kasuwa, har dai aka kai ana gobe gwaji.

A ranar ya shiga wani kanti, mai kantin ya ajiye masa kibod guda biyu a kan tebur. Ɗaya babba, kamar an tsaga kara da nasa na shago. Ɗayan ɗan ƙarami, bai kai kamu biyu ba, babu ɓangaren lambobi, babu kibiyoyin sama da ƙasa, sai haske ke wasa a ƙarƙashin madannansa. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan ya ajiye.

"Alhaji, wa ke yawo da wannan allon wanki yanzu?" in ji mai kanti, yana nuna babban. "Duk masu aikin kamfani ƙaramin suke saye. Cikin jaka za ka jefa shi."

"To ina lambobin?"

"Ga su nan a jere ta sama. Kibiyoyin kuwa, ka danne wannan, ka taɓa wancan, shi ke nan. Kafin ka isa Kaduna ka saba."

Zuciyarsa ta ce masa ɗauki wanda ka sani. Amma sai ya hango kansa yana shiga ɗakin gwaji da furfura, rungume da ƙaton abu a hammata, samari da 'yan mata suna kallonsa, mai ɗaukar aiki yana cewa a ransa wannan ai zamani ya wuce shi. Wannan tunanin ya fi ƙarfinsa. Ya ce a naɗe masa ƙaramin. A mota ya ɗora shi a cinya yana daddannawa, yana lallashin kansa cewa ai kibod kibod ne.

Washegari aka zaunar da su layi-layi, aka ce a fara. Ɗakin ya ɗauki ƙara kamar an saki ruwan sama a kan kwano. Da farko kalmomi ne, ya wuce su lafiya, har ya fara sakin numfashi. Sai alkaluma suka zo. Hannunsa na dama ya zabura da kansa zuwa inda ya saba, sai farcensa ya sauka a kan katakon tebur. Ya janyo shi, ya sunkuya yana laluben lambobi a layin sama ɗaya bayan ɗaya, shi da ya manta rabon da ya kalli hannunsa yana aiki. Ya so ya sauka layi na ƙasa, ya danne wannan, ya taɓa wancan, sai ya ga abin da ya rubuta ya ɓace. Duk lokacin da ya ɗan sami sauri, sai hannun ya sake mantawa, ya kai duka inda babu komai. A gefensa kuwa wata matashiya ce zaune da ƙaramin kibod irin nasa sak, yatsunta na gudu a kai kamar na mai tsintar shinkafa, ko sau ɗaya ba ta sunkuya ba. Da aka ce a tsaya, bai kai rabi ba. Ya zauna ya zuba wa hannunsa ido a kan tebur.

Ya koma gida. Daga baya, a hankali, yatsunsa suka koyi ƙaramin, har ya zo yana jin daɗinsa, domin abin ba shi da aibi ko kaɗan. Sai dai a lokacin an riga an ɗauki waɗanda za a ɗauka.

Ka ga, Malam, babban da ƙaramin duk suna kai mutum inda za shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.