Fitilar Mararrabar Kasuwa

Ranar Litinin, ƙarfe tara na safe, Shugaban Gari ya sallami Dogo Mai Usur daga mararrabar kasuwa, bayan shekara goma sha tara yana ba motoci hannu a wurin. Gari ya cika ya batse, in ji Shugaba, ya wuce a bar shi a hannun tsoho ɗaya. An sayo fitila mai aiki da na'ura.

Injiniyar gari, mace marar yawan magana, ta roƙi a ƙara mata lokaci, domin wani ɓangare na na'urar bai iso ba. Shugaba ya ƙi. Zaɓe saura wata huɗu, kuma ya riga ya faɗa a rediyo cewa in fitilar ta kasa yin abin da mutum ke yi, ba zai sake neman kujerarsa ba.

Ran Alhamis fitila ta kama aiki. Injiniya ta sa aka ajiye na'urar a wani ɗan ɗaki na gefen titi, aka saka masa fanka da taga mai baƙin gilashi. Na'ura ba ta son zafi, in ji ta. Ta hana kowa shiga.

Fitilar ta ba mutane mamaki. In 'yan makaranta suka taso, sai ta riƙe motoci har na ƙarshensu ya haye. Takan jira tsohuwa mai sanda. Da azahar takan yi ta ƙifta rawaya na minti goma, Injiniya ta ce hutawa take yi. Wata uku ba a yi karo ko ɗaya ba.

Aibinta guda ne: duk lokacin da motar Shugaba ta iso, sai ta ba da ja. Direbobin haya suka gane, suka daina bin bayansa.

"Ranka ya daɗe, ko mu zagaya ta bayan asibiti?" direbansa ya tambaya wata rana.

"Fitilar da na sayo zan guda? Tsaya nan."

Ana saura mako biyu zaɓe, shugabannin garuruwa biyar suka zo ganin fitilar, da 'yan jarida a biye. Shugaba ya yi musu jawabin minti arba'in a kan amfanin sauya tsoho da sabo. Da ya gama, wani baƙo ya ce yana son ganin na'urar da idonsa.

"Ranka ya daɗe, gara mu ɗan keɓe tukuna," Injiniya ta ce a hankali.

"Me zan ɓoye? Buɗe musu, Injiniya."

Ta dube shi, ta dubi masu ɗaukar hoto, ta tura ƙofar.

Dogo Mai Usur na ciki, hannunsa a kan maɓallai huɗu, idonsa a taga, yana zaune a kan kwalin na'urar da ba a taɓa buɗewa ba.