Takardar Mutumin Kebbe

Shafi'u ya dangwara hatimi a kan takardar, ya ɗauki hotonta da waya, ya tura wa mambobi. Minti biyu an gama. Haka ake aiki a ofishin ƙungiyar manoman rani da ke Tambuwal tun fil azal, shi kuma sakatare bai ga dalilin sake hanya ba.

Ruwaida mai buga takardun ofishin ita ce ba ta san an gama ba. Bayan kowa ya samu hotonsa sai ta koma kan kwamfuta ta sake bin takardar tun daga farko. Kanun magana ta sa masa alamar kanu, ba ƙara masa girma kawai ba. Jadawalin ban ruwa ta gina shi gida-gida, kowane layi da sunansa a sama. In akwai hoton albasar da tsutsa ta ci, sai ta rubuta bayaninsa: ganye uku, biyu sun bushe daga tsini. Sannan ta tura wa lamba ɗaya tak.

In an tambaye ta sai ta ce wani mamba ne, mutumin Kebbe, idonsa ya tafi, waya ke karanta masa. Wayarsa kuwa in ta iso kan hoto sai ta ce hoto ne ta yi shiru, ko da hatimi goma aka buga masa. Sunansa fa? Ta ce amana ce.

Abin nan ya tsaya wa Shafi'u a rai. Ya ce makaho ai ba ya rasa mai karanta masa a gida. Ruwaida ta ce mutum da furfurarsa ba ya son jikansa ya riga shi sanin abin da ke cikin wasiƙarsa. Ya ce ta daina. Ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Sai ya kai ƙara wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Na'iya. Dattijo ne mai tsare gida, shekara goma sha ɗaya yana riƙe da kujerar. Duk takardar da aka miƙa masa sai ya ce a ajiye zai duba, washegari kuma ya zo ya san ta har lambar shafi. A kwamitin nan kaf shi kaɗai ke karanta abu kafin taro. Ya saurari Shafi'u ta bayan baƙin tabarau ɗinsa, yana murza ɗan abin sauraron da ba ya rabuwa da kunnensa, wanda abokansa ke tsokanarsa da shi wai labarai ba su wuce Alhaji. Ya ce a bari sai ranar taron kwamiti.

Shafi'u bai jira ba. Ya koma buga takardu da kansa, sai ya sa hatimi ya ɗauki hoto sannan ta gani. Kai, yarinyar nan akwai taurin kai! Rahoto mai shafi takwas ta zauna ta sake bugawa daga hoto, kalma-kalma, har azahar ta kusa kuɓuce mata. Tsoro kam tana ji. Shekara uku ta yi tana yawo da takardar difloma kafin ta samu wannan kujera, kuma da ita take riƙe mahaifiyarta. Amma ta tura.

Ranar taro direba ya sauke Alhaji a bakin ƙofa, Ruwaida ta wuce gabansa tana gaishe shi da ƙarfi har ya zauna. Aka yi addu'a. Shafi'u ya miƙe.

Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya hau babur takanas ya je Kebbe, ya bi rajistar mambobi suna bayan suna, har wurin sarkin makafi ya tambaya. Babu wani makaho a ƙungiyar nan. Ke nan yarinyar nan fitar da takardun ƙungiya take yi ga wani na waje. Ko ta faɗi sunansa yanzu, ko ta ajiye makulli.

Wani dattijo daga Jabo ya lallashe ta, ya ce ta faɗa kawai a wuce wurin.

"Baba, ku gafarce ni," in ji Ruwaida. "Wanda yab ba ni amana bai ce in kwance ta ba. Makulli kau ga shi."

Ta ajiye shi a kan tebur. Ko gezau ba ta yi ba.

Shafi'u ya yi murmushi, ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu. Ya ce ai ya kwafo lambar daga kwamfutar ofis, lamba ce da babu ita a rajista, yanzu zai kira kowa ya ji muryar makahon ƙarya. Nan ne Ruwaida ta miƙe. Ta roƙe shi don Allah ya bari, ta ce ta yarda a kore ta.

"Ɗiyata, ɗauki makullinki, kin yi naki," in ji Alhaji Na'iya. "Sakatare, kira shi."

Shafi'u ya danna lambar, ya ɗaga wayar sama. Ta shiga.

Ƙarar ta tashi daga aljihun shugaba. Alhaji Na'iya ya laluba ya zaro wata ƙaramar waya, ya cire tabarau ya ajiye a kan rahoton, ya juya fararen idanunsa wajen da muryar sakatare take, ya ce, "Ina jin ka, Shafi'u. Ni na mutumin Kebbe."