Na'urar da Aka Kai Inuwa

Kai Jatau, tunda ka ce sabon injin ban-ruwanka yana kulle a ɗaka don kada rana ta ci fentinsa, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani manomin rani, mai gonar tumatir a ƙasan wata madatsar ruwa. Mutum ne mai tattalin kaya har abin ya yi yawa, irin wanda in ya ari fartanya sai ya wanke ta kafin ya mayar. Wata shekara ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai, manoman wurin suka ga in kowa ya buɗe ruwa yadda ya ga dama, ba wanda zai kai girbi. Sai ƙungiyarsu ta kawo wata na'ura mai auna damshin ƙasa, ɗan ƙarfe ne kamar turke, da kan roba. Malamin gona ya bi gona-gona yana kafa wa kowa tasa a tsakiyar fangali, wato kwamin shuka, ya ja musu kunne kada wanda ya taɓa. Ita ke aika saƙo wayar shugaban ƙungiya: gonar wane ta bushe, ta wane da sauran laima. Aka yi yarjejeniya a gaban kowa, wanda tasa ta nuna ƙishi shi za a sakar wa ruwa, mai laima ya haƙura ya bar wa maƙwabci.

To, tun ranar da aka kafa ta hankalin mutumin nan bai kwanta ba. Kayan amana, ga shi an dasa a tsakar rana tsirara! In ya taɓa kan robar da azahar ya ji zafi rau, sai ya shiga saƙe-saƙe. In ta narke fa? In shanu suka ratso suka taka? Da wane ido zai dubi jama'a a ce a hannunsa ta lalace? Rannan dai ya kasa daurewa, ya waiga bai ga kowa ba, ya tumɓuke ta. Ya kai ta gindin mangwaron da ke bakin hanyar ruwa, inda ƙasa ke tsattsafo da ruwa rani da damina, ya kafa ta a inuwa, har da kewaye ta da ƙaya. Ya koma gida yana jin ya yi dabara.

Ranar ruwansa ta zo, aka tsallake shi. Ya ce ba komai, gobe ma rana ce. Aka sake zagayowa, aka sake tsallake shi. Ga tumatir ya ɗauki fure, lokacin da ko kaɗan ba ya son ƙishi. Ganye ya fara yaushi tun da hantsi, ƙasa ta tsage har yatsa na shiga. Ya garzaya wurin shugaba ya kai kuka. Shugaba ya duba waya ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam, ai duk layin nan babu ƙasar da ta kai taka laima. Bar wa 'yan'uwa su sha mana." Maganar tana kan harshensa, wallahi, amma ga mutane zaune, ga malamin gona da kansa a gefe, wanda ya ce kada a taɓa. Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya juya. Ka ji fa! Ya so ya mayar da ita inda take a ɓoye, sai kuma tsoro ya kama shi, kada a ga laima ta ɓace farat ɗaya a zo bincike. Haka ya yi ta kai da kawowa tsakanin mangwaro da fangali, abinci ma ba ya shiga, yana ɗibar ruwa da bokiti yana yayyafawa, abin da bai ko jiƙa saman ƙasa ba.

Da ido ya raina fata ya je ya faɗi gaskiya, shugaba ya yi salati ya sa aka sakar masa ruwa nan take. Ruwan ya shiga gonar yana kwashe furen da ya zube, rawaya-rawaya, yana tara shi a ƙarshen fangali. Maƙwabta suka yi ta loda kwanduna a mota, shi ko na miya bai tsinka ba. Malamin gona ya zare na'urar daga cikin ƙaya, ya jujjuya ta, ya ce kaf ƙungiyar ba wadda ta kai ta kyau, ko ƙwarzane babu.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.