Wanda Ya Riga Hinnerk

Kofi na biyu yana hucewa kusa da na farko lokacin da Hinnerk Brodersen ya buɗe kundin a kwamfuta, ya tarar an riga shi.

Kundin na kowa ne. Injiniyoyin kamfanin na reshen Hamburg da na Toulouse sun gaji da musu, suka amince duk abin da ke cikin sabon jirgin sama, famfo ne ko waya, a bayyana shi da tsari ɗaya: nauyinsa, wutar da yake ci, abin da yake haɗe da shi. Sashen man jirgi kuwa na Hinnerk ne, shekara talatin da ɗaya. Juma'a zai miƙa nasa.

To ga shi an cike tsaf. Har ɗan bawul ɗin nan na bututun mai, mai daskarewa in sanyi ya yi yawa, wanda bai taɓa gaya wa kowa sirrinsa ba, yana ciki.

Wato an ɗauko wani a ɓoye, ana shirin sallamar tsoho ke nan. Abin da ya fi ƙona masa rai, aikin ya yi kyau. Ya bi shi layi-layi yana neman kuskure ko ɗaya, bai samu ba.

Zama ya gagare shi. Ya tare Tjark, maƙwabcin teburinsa, ya tambaye shi wane munafuki ne ya taɓa masa sashe. Tjark ya ajiye burodin kirfar da yake ci, ya ce, "Haba Hinnerk, yau ma?" Ji rainin hankali! Ya buga waya Toulouse, suka yi ta lallaɓa shi kamar mai jinya, alamar dai bakinsu ɗaya.

Ana cikin haka matarsa Gesa ta kira, wai ya san jirgin ruwan da zai hau in an tashi daga aiki? Ya ce shekara talatin yana tsallake kogin nan, ta ƙyale shi don Allah. Ya kashe wayar.

Shugabar sashe kaɗai ke iya buɗe gurbin sunan wanda ya yi aiki. Ya faɗa ofishin shugabar, Wiebke, ko ƙwanƙwasawa babu.

"In korata za ku yi, ku kore ni ido da ido. Amma sai na ga sunan ɓarawon."

Wiebke ba ta yi musu ba. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta ja masa kujera. Kundin ma a buɗe yake a gabanta, kamar mai jiran zuwansa. Ta juyo masa da shi.

Sunan yana nan, da kwanan watan makon jiya, a ƙasa kuma ɗan rubutu: "Likita ya ce mantuwar za ta yi ta ƙaruwa, shi ya sa na zuba komai tun ina tunawa. Hinnerk, in ka sake zuwa neman wanda ya yi, kai ne."