Kiwin Baba

Auta ta ajiye faranti a gaban Baba, shi kuwa ko kallonta bai yi ba. Hannu kawai ya miƙa ya ɗauki ɗan itacen kiwi da ke ciki, ya jujjuya shi a tafinsa.

"Kore ne," in ji shi. "Yau ma da tsami za ki sa in karya kumallo."

Haka suke yi kowace safiya tun da likita ya ce sugan Baba ya yi yawa, a rage masa kayan zaƙi, a riƙa ba shi kiwi kaɗan saboda ba ya tayar da suga da sauri, yana kuma sauƙaƙa fitar bayan gida. Ranar Baba ya sha dariya. Mutumin da ya tsufa yana sayar da kayan marmari a bakin kasuwa, wai shi za a koya wa 'ya'yan itace! Ya san su ciki da bai. Kore mai gashi-gashi ne a bawo, ga tsami mai tsinka yawu. Rawaya kuwa bawonsa sumul, zaƙinsa ya fi. Tun kafin a sa wuƙa yake faɗar wanda aka kawo masa, kuma bai taɓa faɗin ba daidai ba.

Wannan dariyar ce ta ɓace daga gidan, abin kuma yana cin Auta a rai.

A ganinta ta san dalili. An yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, dole ta bi shi da 'yarsu. Yayyenta duk sun watse tuntuni, mahaifiyarsu ta rasu, ita kaɗai ce ke leƙo tsohon kullum. Tun da ta gaya masa batun tafiyar ya canza mata. Wataƙila ma ya fara tun kafin nan, ba ta dai lura ba.

Ya daina fita hira ƙofar gida. Mai kawo jarida ya gaji da sallama ya daina zuwa. Da ta nuna masa hoton sabon gidansu a waya, cewa ya yi ya yi kyau, ya mayar mata da wayar kamar tana ƙona masa hannu. Ranar da ta share masa ɗaki ta matsar da kujerarsa kusa da taga don ya sha iska, faɗan da ya yi mata har maƙwabta sun ji. Jikarsa da yake kira amaryarsa ta shigo da sabuwar riga tana ta juyi a gabansa, ko yaba rigar bai yi ba, sai da yarinyar ta fashe da kuka.

Mafi ciwo, in tana magana ba ya duban fuskarta. Sai ya kafe idonsa a gefen kafaɗarta, kamar da bango yake zance.

Ta roƙe shi ya bi su, ya ƙi. Ta ce to a samo wanda zai zauna da shi, nan ma ya hau ta da faɗa.

"Ni jariri ne? Shayina ni ke dafawa, allurar sugana ni ke aunawa in yi wa kaina. Ki bi mijinki, ki bar ni da gidana."

Maigidanta ya ce ta kwantar da hankalinta, rigimar tsufa ce, zai huce. Ta so ta yarda. Mutumin da ke iya wannan faɗan ai da sauran ƙarfinsa, zai iya zama shi kaɗai. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta tafi yana fushi da ita. So take ya dube ta sau ɗaya, ya yi dariya, ya sa mata albarka.

Ranar tafiya, motar kaya na tsaye a waje, ta biya shagon da take sayen kiwi. Mai shagon ya nuna mata wani sabon iri da aka kawo, bawonsa sumul kamar na rawaya, ya yanka ɗaya ta gani. Nan take dabara ta faɗo mata. Yau za ta kayar da tsohon ɗan kasuwa, in ya so ya ci gaba da ɗaure fuska in zai iya.

Ta same shi a kujerarsa, rana ta shigo ɗakin tar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa farantin. Ya ɗauka, ya shafa bawon da babban yatsa.

"Rawaya," ya ce. "Yau da yake za ki gudu, kin tuna da ni."

Auta ta danne murmushi. Ta karɓa ta raba shi biyu, ta ɗora masa a tafin hannu, ta ɗaga hannun zuwa hasken taga.

"To duba da kyau, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Ta zuba masa ido tana jiran ya zabura, ya riƙe baki, ya tambaye ta a ina ta samo wannan abin mamaki. Ya daɗe a sunkuye. A waje direba ya danna oda.

"Ba na faɗa miki ba?" in ji Baba, muryarsa a dake. "Ga shi nan rawaya, kamar gwaiduwar ƙwai. Tashi ki tafi, Allah ya yi miki albarka."

Auta ta kasa tashi. Kiwin da ke tafinsa ja ne jawur a tsakiya, idanun Baba kuma a buɗe suke a kansa, ba sa ganin komai.