Farfelar Ɗan Kwalisa

A duk tashar nan babu motar da ake wankewa kamar jif ɗin Ɗan Kwalisa. Sunan ma a kanta ya samo shi. Mota ce mai jan ƙafa huɗu, ita kaɗai ke iya hawa hanyar bayan dutse, kuma duk Talata ita ke kai yayarsa, malamar asibiti, ƙauyukan can da akwatin allurar rigakafi. Yayar nan ita ta rene shi bayan rasuwar iyayensu, yana ji da ita kamar ransa.

Wata rana ya ƙudura sai motarsa ta fi ta kowa. Ya sa aka ɗaga ta sama da tafin hannu guda, aka sa mata manyan tayoyi. Da tayoyin suka leƙo waje suna watsa laka har gilashi, sai ya nufi gareji a ƙara mata faffaɗan baki a kan madigadi, wato murfin da ke saman kowace taya.

Tsohon bakaniken da kowa ke ce wa Baba ya karɓi aikin, amma kafin ya taɓa komai sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Ya kama farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ya girgiza ta. Ta amsa ƙwas-ƙwas.

“Zo nan, ɗana, durƙusa ka gani,” in ji Baba. “Ka ɗaga mota, ka bar mata tsohuwar farfela. Ta miƙe har ƙarshen haƙoranta, ga kuros ɗin, gaɓar da take juyawa a kai, ya bushe ƙayau. Yaushe rabonsa da giris?”

Ɗan Kwalisa ya dubi farin wandonsa, ya dubi ƙasa, ya ƙi durƙusawa.

“Baba, kullum fa sai na wanke ƙasan nan da injin feshin ruwa.”

“To, shi ne ya kore ɗan man da ya rage. Doguwar farfela za a sa, a sake kuros, a ɗaura mata ƙawanyar ƙarfe da za ta tare ta in ta tsinke. Madigadi kuma yana da amfaninsa, ban hana ba, amma ya jira.”

“Wa ke ganin farfela, Baba? A sa min madigadina, wancan sai wani satin.”

Satin bai zo ba. Motar ta fito tana sheƙi, direbobi suka yi ta tafa masa, kansa ya ƙara girma. Da ya soma jin kyarma a ƙasan kujera, sai ya ƙara muryar rediyo. Da madubi ya riƙa rawa har ba ya ganin baya sosai, sai ya ɗauko sukundireba ya ɗaure madubin, wai ya yi gyara ke nan.

Yaya ce ta tanka ranar wata Talata, suna gangarowa daga dutse.

“Auta, motar nan tana rawar sanyi. Har kwalaben allurata na karo da juna.”

“Sabbin tayoyi ne, Yaya, ba su saba da hanya ba.”

Bai rufe baki ba suka ji ƙara kamar an sauke guduma. Kuros ya fashe, kan farfelar ya faɗo ya caki ƙasa, ya cilla bayan motar sama. Ta juya ta kife a gefen da Yaya take.

Shi ko ƙwarzane kaɗan ya samu. Ita kuwa ƙafarta ta dama na danne ƙarƙashin ƙarfe. Ya haƙa ƙasa da hannuwansa har farcensa ya fita, ya jawo ta, ya goya ta. Babu sabis a wayarsa, babu mota a hanyar, don tasa ce kaɗai ke bin ta. Ya yi ta tafiya a rana tsaka, yana faɗuwa yana tashi, yana ce mata, “Kada ki yi barci, Yaya, wallahi sai na kai ki.” Ya kai ta asibiti. Likita ya ceci ranta, amma ƙafar sai da aka yanke ta daga gwiwa.

Da aka jawo motar gareji, Ɗan Kwalisa ya tsaya yana kallon sabbin madigadin, uku daga cikinsu ko tsagewa ba su yi ba, suna ta ƙyalli. Nan ya durƙusa a cikin baƙin mai da farin wandonsa, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Yaya ba ta zage shi ba, shi ne ma ya fi ci masa rai. Abin da ta ce kawai, “Yaran bayan dutse suna jiran allura. Ka gyara motar.”

Ya gyara ta, ya fara daga ƙasa. Yanzu kowace safiya kafin ya taɓa tsumman wanki, sai ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi da bindigar giris. Duk direban da ya ɗaga mota a tashar, sai ya kamo hannunsa sun durƙusa tare, ko ya so ko ya ƙi. Ranar Talata kuma shi ke ɗaukar Yaya ya ɗora a kujera, ya ajiye sandunanta a baya kusa da akwatin allura.

Mai karatu, duk wanda ya ɗaga mota ko ya sake mata taya, ya duba farfela da kuros kafin ya nemi ado. Kyarma da ƙara gargaɗi ne, kada a rufe su da rediyo, domin sau da yawa wanda sakacinka zai nakasa shi ne wanda ka fi ƙauna.